Gudun Famfalaki a Ƙasar Kurfai: Lafiya Ake Nema Ko Wahala Ake Saye?

Tsawon gudun famfalaki kilomita 42 ne da mita 195. A ma'aunin mutumin Filinge, ya ɗan zarce a tashi daga gari a ƙafa zuwa Tukunus, inda ake kiwon shanun Azawak, a juyo gida ba tare da an zauna ba. A manyan biranen duniya dubban mutane ne ke yin wannan gudu kowace shekara, kuma galibinsu ba ƴan wasa ba ne. Malaman makaranta ne, da ma'aikatan likita, da ƴan kasuwa, har da dattawa masu jikoki. Ba kyauta suke nema ba, burinsu su kai ƙarshe a cikin awa huɗu ko biyar. Wayar hannu ta kawo mana hotunansu har gida, don haka ba abin mamaki ba ne matashi ko ma'aikaci a nan ya tambayi kansa: to ni fa?

Sai mu tantance abin da ake gardama a kansa. Babu mai musun cewa motsa jiki na da amfani. Ba kuma maganar yaron da ya mai da gudu sana'a ake yi ba. Maganar ita ce: mutum mai aiki da iyali, mazaunin Filinge ko Bonkuku ko Damana, ya dace ya ɗauki watanni yana horar da jikinsa don ya yi gudun kilomita 42, ko kuwa abin na wata ƙasa ne da wani yanayi?

Abin da shirin ya ƙunsa

Wanda ya riga ya saba da gudu yana buƙatar mako 16 zuwa 20 na shiri. Yakan fita sau huɗu ko biyar a mako, yawanci a hankali, yadda zai iya magana da na kusa da shi yana gudu. Sau ɗaya a mako sai ya yi doguwar fita, yana ƙara mata tsawo kaɗan-kaɗan har ta kai kilomita 30 zuwa 32. Idan ya rage mako biyu ko uku a yi gasa, sai ya sassauta don jiki ya murmure. A tsakiyar shirin, mai gudun sha'awa yakan yi kilomita 50 zuwa 60 a mako, wato awa biyar zuwa bakwai a kan hanya.

Dalilin doguwar fitar yana cikin halittar jiki. Tsoka da hanta suna ajiye suga kamar yadda magidanci ke ajiye hatsi a rumbu, kuma ajiyar ba ta wuce kalori 2,000 ba. Mai gudu yana ƙona kusan kalori ɗaya a kan kowane kilo na nauyinsa a kowace kilomita. Mai nauyin kilo 65 zai buƙaci wajen kalori 2,700 kafin ya kai ƙarshe, ka ga ajiyar ba za ta kai shi ba. Shi ya sa a wajajen kilomita 30 ƙafafu kan yi nauyi, kai ya ɗaure, mutumin da ke tafe lafiya ya koma jan jiki. Horon watannin nan shi ke koya wa jiki ya riƙa haɗawa da kitse, ya tattala sugan, ya kuma saba da ci da sha ana cikin gudu.

Hujjar masu cewa a yi

Masu goyon baya sukan fara da yadda rayuwa ta sauya. Kakanninmu a ƙafa suke zuwa gona da kasuwa, a ƙafa suke bin dabba. Yau akwai mutane da dama a cikin gari da yininsu zama ne: a ofis, a shago, a kan babur, a majalisar shayi inda ake zuba suga ba awo. Hawan jini da ciwon suga, da a da ake ce musu cutar masu kuɗi, sun shiga gidajen talakawa. Kowa ya san ya kamata ya motsa jiki, amma mutum nawa ne ke ɗorewa? Wanda ya ce zai riƙa ɗan zagayawa da safe, mako biyu ya daina. Wanda kuwa ya sa ranar gasa a gabansa, ya gaya wa abokai, yana da abin da zai tashe shi bayan sallar asuba ko da ɗari na busawa. A ganinsu, amfanin famfalaki ba a ranar gasar yake ba, yana cikin watannin da mutum ya kwanta da wuri, ya rage taba, ya kula da abin da yake ci.

Hujja ta biyu ita ce sauƙin kuɗi. Ƙwallon ƙafa na son fili da mutum ashirin da biyu, dambe da taikwando na son mai koyarwa da kayan aiki. Gudu ƙafa yake so da hanya, kuma hanya ba ta yi mana ƙaranci ba. Ga rairayin Dallol Boso mai ƙarfafa ƙafa, ga hanyoyin jar ƙasa masu sauƙi ga gwiwa fiye da kwalta. Sukan kawo misalin Abebe Bikila na Habasha, wanda ya lashe famfalakin Olamfik a birnin Rum a 1960 ba takalmi a ƙafarsa, cikin awa 2 da minti 15 da daƙiƙa 16. Sukan ce Bekoji, garin da ya haifi Derartu Tulu da Kenenisa Bekele da Tirunesh Dibaba, garin manoma ne da makiyaya. Yaron da ke bin garke yini guda, ko yarinyar da ke zuwa makaranta daga ƙauye a ƙafa, suna da juriyar da ɗan birni ke biyan kuɗi ya samu. Idan ba a ga manya suna gudu ba, ta ina yaran za su san akwai abin yi da wannan baiwa?

Ta uku, abin ba baƙo ba ne a Nijar. Abdou Manzo ya wakilci ƙasar a famfalakin gasar Olamfik fiye da sau ɗaya. A Disamban 2005, lokacin da Yamai ta karɓi wasannin ƙasashe masu magana da Faransanci, an yi gudun famfalaki a birnin, ɗan Maroko ya lashe na maza. Babban filin da aka yi wasannin guje-guje a cikinsa sunan Janar Seyni Kountché yake ɗauke da shi, ɗan Fandu, a nan yankinmu. A zamaninsa ne, a 1975, aka fara gasar kokowa ta ƙasa a Tawa, kuma kowa ya ga inda kokowa ta kai da aka ba ta tsari da daraja. Lambobin Olamfik biyu da Nijar ta samu, na Issaka Daboré a dambe a 1972 da na Abdoul Razak Issoufou Alfaga a taikwando a 2016, sun nuna ɗan ƙasar nan na iya kaiwa ko'ina in ya samu hanya.

Game da tsoron faɗuwa matacce, suna da amsa da alƙaluma. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2012 ya duba mutum miliyan 10.9 da suka shiga famfalaki ko rabinsa tsakanin 2000 da 2010, ya tarar mutum 59 ne zuciyarsu ta tsaya, 42 daga ciki suka rasu. Zaman da ba motsi, in ji su, yana kashe ninkin wannan ba tare da an ji labari ba. Sukan ƙara da maganar samari a lokacin rani, bayan an gama girbi: wanda bai tafi biɗa ba, zama yake yi, zaman kuwa shi ke kai wasu ga tiramol. Ƙungiyar masu gudu da asuba ta fi majalisar da ba ta haifar da komai.

Hujjar masu cewa a bari

Masu adawa da zafi suke farawa, kuma hujjarsu na da ƙarfi. Yanayin da ya fi dacewa da famfalaki shi ne digiri 10 zuwa 15. A Filinge, watannin Afrilu da Mayu, zafi kan haura digiri 40 kusan kullum, dare ma ba ya yin sanyin kirki. Fiye da kashi uku cikin huɗu na ƙarfin da tsoka ke ƙonawa zafi yake zama a cikin jiki, dole kuma a fitar da shi. Idan iska ta fi fata zafi, zufa ce kaɗai ke iya wannan aiki, mai gudu kuwa kan zubar da lita ɗaya zuwa biyu a awa. A busasshiyar iskarmu zufar kan bushe nan take, sai mutum ya ga rigarsa ba ta jiƙe ba ya ɗauka lafiya lau, alhali ruwan jikinsa na ƙarewa. Jini ya ragu, zuciya ta ƙara bugu, idan zafin ciki ya wuce digiri 40 sai hankali ya rikice, ƙoda da hanta su fara lalacewa. A Doha a 2019, a gasar duniya, da tsakar dare aka fara famfalakin mata don gudun zafi, duk da haka 28 daga cikin 68 ba su kai ƙarshe ba. Ganin haka aka ɗauke famfalakin Olamfik daga Tokiyo aka kai shi Sapporo a arewacin Japan. Waɗannan gwanaye ne masu likitoci a gefe. Misalin Habasha da Kenya kuwa, sai su ce a duba taswira: Iten, garin masu gudu na Kenya, yana kan tudu mai tsayin mita 2,400, inda safiya ke da sanyi duk shekara. Mu a kwari muke.

Hujjarsu ta biyu ta fi ta farko kaifi. Idan lafiya ake nema, ba a buƙatar kilomita 42. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba ya samu minti 150 zuwa 300 na motsa jiki matsakaici a mako, ko minti 75 zuwa 150 na mai ƙarfi. Gudun rabin awa sau uku ko huɗu a mako ya cika wannan. Mai shirin famfalaki yana yin ninki biyu ko uku na haka, kuma abin da ƙarin ke yawan kawowa shi ne ciwon gwiwa, da na ƙwauri, da na agara, da tsagewar ƙashi saboda gajiya. A ganinsu, a daina fakewa da lafiya: famfalaki buri ne na zuciya, sai a kira shi da sunansa.

Ta uku ita ce cutar da ke ɓoye. Alƙaluman Amurka, in ji su, na ƙasar da ake jera motocin ɗaukar marasa lafiya da na'urar tada zuciya a bakin hanya ne. A nan, mutum nawa ne ya san awon jininsa? Nawa ne suka san ko suna ɗauke da ƙwayar sikila da suka gada ta gefe ɗaya? Mai irin wannan gado lafiyarsa lau a zaman yau da kullum, amma matsanancin gudu cikin zafi da ƙishirwa na iya kayar da shi. Ga masassarar cizon sauro da ke rage jini kowace damina. Idan abu ya faru a daji, kilomita goma sha biyar daga gari, wa zai ɗauko shi? Idan kuma ya fi ƙarfin likitar gari, Yamai na da nisan kusan kilomita 180.

Ta huɗu, aljihu da lokaci. Takalmin gudu kan mutu bayan kilomita 500 zuwa 800, wato shiri ɗaya na cinye ƙafa guda ko fiye, kuma na gwanjo ya riga ya sha tafiya kafin ya iso. Manyan gasanni suna nesa. Na Legas, da ake yi tun 2016 a watan Fabrairu, sai an tanadi kuɗin mota da masauki da takardu. A ƙasar da ruwan sama ke yi mana gardama, inda gidaje da yawa rumbunsu ke ƙarewa kafin sabon gero ya nuna, ƙona abinci a kan hanya don sha'awa abu ne da ke buƙatar bayani. Manomin da ya yini da hauya, da matar da ta yi daka ta ɗebo ruwa, sun riga sun biya jikinsu haƙƙinsa.

Ta biyar ita ce wadda babu littafin horo da ya san da ita: tsaro. Tun 2017 sassan jihar Tilaberi ke cikin dokar ta-ɓaci, kuma babu wanda ke zaune a nan da ke buƙatar a gaya masa dalili. Doguwar fita na nufin mutum shi kaɗai a bayan gari, da duhun asuba, yana gudu. Ko a lokacin zaman lafiya, babba ya wuce da gudu sai an tare shi da "Lafiya? Wa ya biyo ka?" Yau kuwa gudun mutum guda na iya tada hankalin ƙauye, ko ya sa jami'in tsaro ya yi masa mummunar fahimta. Ga mace abin ya ninka, domin bayan wannan akwai maganar sutura, da yardar gida, da bakin mutane.

Idan aka ɗora su a sikeli

Ba duk hujjojin nan ne nauyinsu ɗaya ba. Ta abinci, alal misali, ta fi sauƙi idan aka yi lissafi. Kilomita 55 a mako ga mai kilo 65 wajen kalori 3,500 ne, daidai da abin da ke cikin kilo ɗaya na gero. A mako 16 bai wuce tiya shida ko bakwai ba. Ga gidan da ke cikin ƙunci wannan abu ne babba, amma mai albashi ko mai shago da ake magana a kansa zai iya. Ba ya kuma buƙatar abincin kanti: fura da nono, shinkafa da wake, kopto da ƙuli-ƙuli, dabino a aljihu, sun isa. Haka maganar manomi: gaskiya ce, amma ba shi ake kira ba. Wanda ake kira shi ne wanda babur da kujera suka raba shi da gumi.

Bakin mutane ma yana sauyawa. Abin da mutum ɗaya ya yi ake kallo, idan mutum goma suka yi shi tare sai ya zama al'ada. Mata na iya fita rukuni, cikin suturar da ta dace da su, a filin makaranta ko na ƙwallo.

Sai dai masu goyon baya dole su sallama a wurare biyu. Na farko, famfalaki bai fi gudun kilomita biyar ko goma amfani ga lafiya ba, kuma wanda ya ce wa mai hawan jini ya fara da shi ya cuce shi. Na biyu, misalin Bikila ba ya nufin kowa ya tashi ya zura. Soja ne da ya yi shekaru yana horo a ƙarƙashin mai koyarwa kafin ya je Rum. Juriyar tafiya da juriyar gudu ba ɗaya ba ne, ƙashi da agara suna ɗaukar watanni kafin su saba da dukan ƙasa.

Zafi kuwa hujja ce a kan lokaci, ba a kan gudun kansa ba. Shekararmu ba bazara ce kaɗai ba. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, safiyar ƙasar Kurfai kan sauko wajen digiri 15, an gama girbi, hatsi na gida, sauro ya ragu. Wata huɗu ke nan, kusan mako 16, daidai tsawon shirin. Ba banza aka sa wasannin Yamai na 2005 a Disamba ba. Kuskuren da za a yi shi ne a ɗauko jadawalin da aka rubuta don Landan ko Boston, inda ake shiri don gasar Afrilu, a bi shi a nan ido rufe. Namu jadawalin daga kaka zai fara, ya ƙare kafin bazara ta kama. Ko a cikin wannan taga akwai abin lura: ranar da hunturu ya tada ƙura har ba a hango nesa, huhu ya fi buƙatar hutu. Azumi kuma, da ya kama a farkon Maris a 2025, yana matsowa da kimanin kwana 11 kowace shekara, don haka shekaru masu zuwa a cikin ɗari zai riƙa faɗowa. Mai azumi ba ya yin doguwar fita da rana. Sai dai ɗan gudu mara nauyi bayan an sha ruwa, a kuma sa ranar gasa kafin watan ko a ba da tazara bayansa.

Tsaro ne kaɗai hujjar da ƙoƙarin mutum ɗaya ba ya kawar da ita. Abin da za a iya shi ne a rage nisa da gari: zagayen kilomita huɗu ko biyar a gefen gari, a maimaita shi, cikin rukuni, bayan gari ya waye, da sanin hukuma da masu unguwa. Yana da gundura, amma yana da wata riba, domin kowane zagaye mutum zai dawo inda aka ajiye ruwa da wanda zai duba shi.

Matsayata

Ina tare da masu cewa a yi gudu, ina kuma tare da masu cewa kada a fara da famfalaki. Ga mafi yawan mutanen Filinge da ke son lafiya, kilomita biyar zuwa goma sau uku a mako shi ne daidai, kuma shi ya kamata a yi wa shela. Wanda zuciyarsa ta nace sai kilomita 42, ban ga dalilin hana shi ba, amma da sharuɗɗa. Ya yi shekara guda yana gajeren gudu tukuna. Ya je likita a auna hawan jininsa, da sugansa, da yawan jininsa, a kuma duba sikila, musamman in ya haura shekara 40 ko akwai ciwon zuciya a danginsu. Ya gwada rabin famfalaki, kilomita 21, a ɗarin farko, ya bar cikakken sai ɗari na biyu. Kada ya yi gudu da zazzaɓi a jiki. Ya sha ruwa gwargwadon ƙishirwa, yana haɗawa da ɗan gishiri da suga, domin ɗura ruwa zalla fiye da kima yana tsinka gishirin jini, shi ma yana kisa. Kada ya kusanci tiramol ko ƙwayoyin kashe ciwo don ya jure, suna rufe masa gargaɗin jiki, wasunsu kuma suna cutar da ƙoda idan ruwan jiki ya yi ƙasa. Abokan gudunsa su san cewa wanda ya fara tangaɗi ko sambatu, a kai shi inuwa a kwarara masa ruwa a yi masa fifita nan take, kafin ma a nemi mota. Sannu ba ta hana zuwa.

Sauran aikin na gari ne. Hukumar gari, da masu kula da matasa da wasanni, da shugabannin makarantu, da sarakuna, suna iya sa rana guda a watan Janairu a yi gudun kilomita biyar da na goma a cikin Filinge, da rukunin yara, da na mata, da na dattawa, a kafa teburin awon hawan jini kyauta a wurin tashi. Kuɗin da wannan zai ci bai kai na gasar kokowa ta yini ɗaya ba. Mutane da yawa za su san awon jininsu a karo na farko, malamai za su gano yaran da ke da ƙafa, masu sha'awar dogon gudu za su san juna. Idan aka yi shekara biyu ko uku a haka, kuma Allah ya kawo zaman lafiya a hanyoyinmu, sai a yi maganar rabin famfalaki daga Tukunus zuwa gari. Daga cikin waɗanda suka gama shi lafiya ne za a samu masu cancantar tunkarar kilomita 42.